Ni da Baba Mai Zane da Layin da Ya Ƙi Lanƙwasa

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ina aikin buga tafireta a wani ƙaramin ofishin noman rani da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ni kaɗai ce mace a wurin. Maigidana malamin firamare ne, kullum da safe shi yake ɗauko ni a babur ya sauke ni a bakin kwalbati, in ƙarasa da ƙafa ta gefen babbar magudanar ruwa, alkama a damana, tumatir a haguna. Aikin ba shi da wani yawa. Wasiƙu ne, sai kuma takardar rabon ruwa, wadda take gaya wa manoma ranar da za a buɗe wa kowane yanki ruwa da ranar da za a rufe. In buga a takardar stansil, a gurza kofe da yawa a inji, malaman gona su ɗauka su raba.

Ɗakin da yake kallon nawa na wani dattijo ne mai zanen taswira. Baba mai zane kowa yake ce masa, har injiniyan da yake shugabantar ofishin, wanda a haife Baba ya haife shi. Tun ana haƙa magudanan nan yake wurin. Da ƙafarsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jan sarƙar awo, saboda haka babu kwanar da bai sani ba, babu bishiyar da aka sare da ya manta inda take. Dogo ne siriri, ba ya son magana da safe, yatsunsa kuma ba sa rabuwa da tawada. A kan teburinsa mai gangare akwai ruloli da alƙaluma iri-iri, amma abin da ya fi ji da shi wata siririyar gora ce da ya fere da kansa har ta yi laushi kamar tsumagiya. In zai zana inda magudana ta lanƙwasa, sai ya kwantar da gorar a kan takarda, ya tanƙwara ta yadda yake so, ya danne ta da 'yan guntayen darma, sannan ya bi gefenta da alƙalami. In na kawo masa takarda nakan tsaya a bakin ƙofa in yi ta kallo. Bai taɓa cewa in shigo ba, bai kuma taɓa korata ba.

Sai ga kwamfuta ta zo ofishin, wasu Turawa masana ne suka bar mana ita. Sun zo aikin 'yan watanni, da za su tafi suka ce ta zama ta ofis. Aka share ɗakin ajiya, aka sa masa na'urar sanyaya ɗaki, aka kafa ta a can tare da firintarta, aka ce ni zan riƙa aiki da ita tunda ni na saba da madannai. Ɗaya daga cikinsu ya zauna da ni kwana uku. Ya nuna mini yadda ake kunna ta, da yadda ake tura ɗan abin nan da muke kira ɓera kibiya ta yi ta yawo a gilashin na'urar, da yadda ake shirya shafi: a zuba rubutu a nan, a ja akwati a can, a ja layi a tsakani, a buga. Abin da yanzu ake kira manhaja, mu a lokacin mai shirya shafi kawai muke ce masa. Baturen ya bar mana littafin bayaninsa, ƙato guda, amma da yarensu aka rubuta shi, ba da Ingilishi ba. Injiniya ya juya shi gaba ya juya shi baya, ya ce Allah ya kyauta. Daga ƙarshe ƙarƙashin gilashin muka cusa shi don ya ɗago mini shi daidai ido.

Baba kuwa ko leƙowa bai yi ba. In ya zo wucewa sai ya ce, "Malama, ya akwatinki?" In ce lafiya ƙalau, ya wuce. Na ɗauka haushi yake ji, ganin an kawo abin da ake ta cewa zai yi aikin mutum goma.

Da zafi ya fara shigowa a shekarar, ina da ciki wata huɗu, aka sake tsarin rabon ruwa a yankin da ke kusa da Bunkure saboda za a gyara wata ƙofar ruwa. Injiniya ya kira ni ya ce wannan karon rubutu kaɗai ba zai wadatar ba, tunda da yawa daga cikin manoman ba sa karanta boko. Yana son ƙaramar taswira a jikin takardar, kowane yanki da alamarsa da ranarsa. Taswirar Baba ta kai faɗin tabarma, ba ta shiga takarda. Ya ce in kalle ta in zana ƙarama a na'ura.

Na ce to. Ban gaya masa cewa miƙaƙƙen layi kaɗai na iya ja ba. Iyakar abin da aka nuna mini ke nan: a danna nan, a danna can, layi ya fito sak kamar igiyar magini. Akwai da'ira, akwai akwati, amma abin da zai lanƙwasa layi ban ga alamarsa ba, duk da na buɗe duk jerin umarnin da ke saman gilashin na gwada. Sai na miƙar da magudanan gaba ɗaya. Na ce a raina ai ba komai, kowa ya san gonarsa.

Bayan kamar kwana goma wani dattijo manomin albasa ya yi sallama a bakin ɗakina. Ya cire takalmansa a waje, ya shigo yana waige-waige don mamakin sanyin ɗakin, ya cire hula ya zaro takardarmu a ninke daga cikinta.

"'Yar nan, an ce ke kika yi wannan."

Na ce, "Ni ce, Malam. Sannu da zuwa."

Ya shimfiɗa ta a kan teburi ya ɗora yatsa. "Nan wace magudana ce?"

"Taku ce, ta wajen tsamiya."

"A'a. Tamu ba haka ta tafi ba. Tamu tana zuwa daf da tsamiya sai ta kauce, kamar mutum ya hango surukinsa a hanya, ta zagaya ta bayanta sannan ta dawo. Gonata tana cikin zagayen nan. Ke kuwa kin miƙar da ita, kin jefa ni ƙetare cikin mutanen Talata. Na kwashi tiyona ranar Talata na zauna tun hantsi har la'asar, ba ruwa. Ashe ni ɗan Asabar ne, ta kuma riga ta wuce."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce albasar ta yi yaushi amma ba ta mutu ba, wani maƙwabcinsa ya taimaka masa da injin ban-ruwa daga wani kududdufi. Ya zo ne kawai don kada a sake, domin ba shi kaɗai ne a cikin zagayen ba, su bakwai ne. Na ba shi haƙuri. Da na ɗago kai, ga Baba mai zane a tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya raka manomin har waje suna hirar irin albasa.

A ranar aka tura malaman gona suka bi mutum bakwai ɗin da baki suka gyara musu ranarsu. Amma injiniya ya ce dole a sake taswirar kafin a sake wani rabon, da lanƙwasarta da komai.

Washegari na tafi ɗakin Baba na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi ya zana mini ƙaramar taswira da hannu, in yanka in manna a jikin takardar. Ya ce to, in ba shi kwana biyu. Kwana biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama mako. In na tambaya sai ya ce tawadar ce ba ta da kyau, ko takardar tana tsotse ta. Raina ya fara ɓaci. Na ce lallai so yake in ƙara jin kunya.

Ranar da na gane, sau biyu na yi sallama bai ji ba, sai na tura ƙofar. Kwandon shara cike yake da dunƙulallun takardu. Yana sunkuye, gora a kwance, darma a kanta, alƙalami a hannunsa na dama, hannun kuwa sai rawa yake. Layin da yake ja ya fito a karkace, tawada ta ɗiga gefe. Ya ɗago ya gan ni, ya yi sauri ya sa hannun a aljihu.

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun damina." Ya zauna a kujerarsa. "Da safe da sauƙi. In rana ta ɗaga sai ya ƙi. An ba ni magani a Kano, ban ga bambanci ba. Malama, kada injiniya ya ji. Shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage mini. Ina so in tafi da ƙafata, ba a ce sallamata aka yi ba."

Na ce ba wanda zai ji daga bakina. Sannan na ce, tunda shi yana da taswirar a ka, ni kuma ina da hannu, ya zo ya zauna kusa da ni ya riƙa faɗa ina ja. Ya dubi kwandon sharar, ya ce, "Sanyin ɗakin nan naki ba zai kashe ni ba?"

Haka ya fara shiga ɗakin kwamfuta, da kujerarsa da mayafinsa. Dabarar da muka fara da ita ita ce mu haɗa lanƙwasar da 'yan gajerun layuka masu yawa, kowanne ya ɗan karkata daga na bayansa. Duk inda layi biyu suka haɗu akwai ɗan baƙin ɗigo, Baba ya sa masa suna ƙulli. Zagayen tsamiya kaɗai ya ci ƙulli sama da talatin. Da muka buga a takarda ya riƙe ta nesa da idonsa, ya ce, "Wannan ai bakin zarto ne. Ruwan da ya bi nan sai ya yi jiri."

A rana ta uku, bayan azahar, ya miƙe ya matso yana nuna mini wani ƙulli da fensir a jikin gilashi. Don ya tsaya daidai sai ya dafa teburi da hannun hagu, ashe gefen tafinsa ya danne wani madanni da ke can ƙasa a kusurwa. Ban taɓa sanin amfanin madannin nan ba, domin in an danna shi shi kaɗai ba ya rubuta komai. Ni kuma a daidai lokacin na taɓa ƙullin da kibiya. Sai kibiyar ta sake kama, wasu 'yan sanduna biyu suka fito daga jikin ƙullin, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne da ɗigo a bakinsa.

Na ce, "Baba, ɗaga hannunka, mun ɓata ta!"

Ya ɗaga. Kibiya ta koma yadda take. Na taɓa wani wuri, sandunan suka ɓace.

Ya dubi gilashin, sannan ya mayar da hannunsa daidai inda yake ɗazu. Ya ce, "Taɓa." Na taɓa, suka sake fitowa. "To kama bakin wancan ki ja shi ƙasa. A hankali."

Na kama na ja. Layin nan da bai taɓa rusunawa ba tun da aka kawo na'urar ya biyo hannuna ya yi ciki kamar baka. Na mayar sama, ya biyo ni. Na ja nesa, cikin ya ƙara faɗi.

Ban taɓa ganin dariyar Baba ba sai ranar. Ba ta da sauti sosai, kafaɗunsa ne suke motsi. Ya cire tabarau yana share ido da bakin mayafi. Ya ce, "Gorata ce! Wallahi gorata ce suka sa a ciki suka ɓoye. Wannan ɗigon na baki shi ne darma."

Sandunan nan ƙaho muka sa musu suna, don kamar ƙahon saniya suke fitowa daga kan ƙulli. Tunda kuma muka gane akwai abubuwan da ba a jera su a cikin umarni ba, sai an danne madanni ana taɓawa suke bayyana, sai muka shiga farauta. Kullum in an dawo daga sallar azahar, kafin a kashe janareta, shi ya danne ni in taɓa. Madannan da ba sa rubutu guda uku ne. Muka gwada kowanne shi kaɗai, muka gwada biyu-biyu, a kan ƙulli, a tsakiyar layi, a bakin ƙaho. Yawanci ba abin da yake faruwa, wani lokaci kuma na'urar ta yi ɗan ƙara kamar an taka ta. Amma cikin mako biyu mun gano yadda ake dasa sabon ƙulli a tsakiyar layi, da yadda ake cire shi layin bai tsinke ba, da yadda ake yanka layi gida biyu. Mun kuma gano yadda ake karya ƙaho ɗaya a bar ɗaya, don a sami kwana mai kaifi inda ƙaramar magudana ta ɓalle daga babba. Wannan Baba ne ya nace lallai akwai shi. Ya ce duk wanda ya yi tunanin ƙaho ba zai manta da kwana ba.

Na karɓo littafin rubutu irin na 'yan makaranta a wurin maigidana, Baba yana faɗa ina rubutawa da Hausa. "Danne na kusurwa, taɓa ƙulli, ƙaho ya fito." "Danne na kusurwa da na kusa da shi, taɓa tsakiyar layi, sabon ƙulli." A ƙasan wani shafi ya sa na rubuta da manyan baƙaƙe, "Kada a haɗa waɗannan biyun," domin ranar da muka haɗa su aikin yini guda ya ɓace ɗungum. Na kifa kai a teburi na yi kuka sosai. A watannin nan komai ƙanƙantar abu kuka yake sa ni. Baba ya fita, jim kaɗan ya dawo da rake a fere a cikin takarda. Ya ajiye a gabana ya ce, "Sha. Abin da muka zana yana kaina, bai je ko'ina ba." Daga ranar ba ma gwada sabon abu sai mun adana aikinmu a faifai.

Da na iya dasa ƙulli sai na kama dasawa ba ji ba gani. Duk inda layi ya ɗan kauce mini sai in ƙara ɗaya. Baba ya hana ni. Ya sa na cire talatin ɗin nan na wajen tsamiya ɗaya bayan ɗaya har suka rage uku, ɗaya a inda magudanar ta fara kaucewa, ɗaya a bayan bishiyar, ɗaya a inda ta dawo hanya. Na ce ba za su isa ba. Ya ce, "Ni darma uku nake sawa a nan tun kafin a haife ki. Ja ƙahon tsakiya." Na ja, lanƙwasar ta fito sumul, ba tudu ba kwari. Ban sake yi masa gardama a kan yawan ƙulli ba.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne alamar ranaku. Injiniya yana son kowane yanki a cike shi da zanensa, na Asabar ɗigo-ɗigo, na Talata layi-layi, don wanda bai iya karatu ba ya gane. Wasu yankunan suka karɓa, guda biyu suka ƙi. In na ce a cike, sai zanen ya zubo waje ko ya ƙi fitowa sam. Kwana uku muna fama. Baba ya ce, "Akwai inda kunyar gonar ta ɓalle, shi ya sa ba ya zama. Ƙara girman wurin nan." Na yi ta ƙara girma har ƙulli ɗaya ya kusa kai ƙwayar gero, sai ga shi, ashe ƙulli biyu ne a kusa da juna ba su haɗu ba, da 'yar kafa a tsakani wadda ido ba ya gani. Yadda za a ɗinke su kuwa sai da muka ɗauko ɗaya muka ɗora a kan ɗaya, madanni biyu a danne, sannan suka zama guda. Zanen ya zauna cif a cikin yankinsa. A littafinmu ɗinki muka rubuta.

Sau ɗaya na kayar da Baba a gardama. Akwai wata kwalbati da aka gina wa shanun Fulani su riƙa tsallakawa zuwa mashaya, bayan an gama taswirarsa da shekaru, aka ɗan karkatar da ƙaramar magudana saboda ita. Ni kullum ta nan nake wucewa. Ya ce babu wannan karkata. Na ce akwai. Ya ce shi ya auna wurin da hannunsa. Na ce to mu je. Da safe muka taka, yana ta faɗan in rage sauri saboda halin da nake ciki. Muka tarar da garke yana tsallakawa, muka jira suka wuce. Ya tsaya a kan kwalbatin ya dubi gabas ya dubi yamma, ya tauna goronsa, ya ce, "Kin yi gaskiya." Da muka koma ofis, duk wanda ya gamu da shi sai ya tsayar da shi ya ce, "Yau Malama ta gyara mini taswira." Har direba sai da ya ji.

Ana saura kwana biyu mu gama, Baba ya ce in matsa. Na ɗauka wani abu zai nuna mini, sai na ga ya zauna a kujerata ya ɗora hannun dama a kan ɓera, ya kama wuyan hannun da na hagu. Ya ce in goge zagayen tsamiya, shi zai yi da kansa, ni in danne masa madanni kawai. Kibiya ta riƙa rawa a gilashi. Ya kama ƙaho ya suɓuce, ya sake kamawa ya wuce wuri. Amma a nan babu tawadar da za ta ɗiga, babu takardar da za a dunƙule. In ya ɓata sai ya sake ja. Ya fi awa guda a kan ƙulli uku. Zufa ta keto masa a cikin ɗakin da yake cewa sanyinsa zai kashe shi. Da ya gama na lura ƙahon ƙarshe ya ɗan zarce kaɗan, na kai hannu zan gyara, ya ce, "Bar shi. Haka take a can ma, ta ɗan yi ciki kafin ta dawo." Ban sani ba ko gaskiya ne, ban kuma je na duba ba. A tsakiyar zagayen ya sa na yi 'yar bishiya da ƙulli huɗu.

Muka kai wa injiniya takardar tare. Ya duba ya sake dubawa, ya tambayi yadda aka yi layin ya lanƙwasa. Na buɗe baki zan yi bayani, Baba ya riga ni, ya ce, "Sirrin sana'a ne, yallaɓai." Injiniya ya yi dariya, ya ce daga yau a mayar da teburin Baba ɗakin kwamfuta, duk wata taswira ta ofis mu biyu za mu riƙa yin ta a na'ura. Bayan Baba ya fita ya ce in tsaya. Ya rage murya ya ce tun damina ya lura da hannun. Shi ya sa ya daina kai masa aiki, shi ya sa ma ya ce ni in zana taswirar farko. Ya rasa ta inda zai fara yi wa sa'an mahaifinsa maganar. Ya ce, "Kada ki gaya masa na sani." Na ce to. Haka na zauna a tsakaninsu sama da shekara, kowa ya ba ni amanar abu ɗaya.

Ranar kasuwar Bunkure aka raba sabuwar takardar. Na bi motar ofis don in yi cefane, na tsaya daga gefe a rumfar masu albasa. Dattijon nan na wajen tsamiya ya karɓi tasa, ya ɗora yatsa a kan babbar magudana ya biyo ta a hankali, yatsan ya kauce inda ta kauce, ya tsaya a kan 'yar bishiyar. Ya kira na kusa da shi, "Zo ka ga, har tsamiyar sun sa. Ga ni nan. Ga ka nan." Mutane suka taru a kansa kowa yana neman gonarsa. Bai gan ni ba. Na sayi kayan miyana na koma mota.

Baba ya cika shekarunsa ya yi ritaya da ƙafarsa kamar yadda ya so. Bayan nan sau ɗaya na kai masa ziyara a gidansa da ke Garun Mallam, da goyo a bayana. Na same shi a zaure ya ƙara ramewa, hannayen yanzu duka biyun ne suke rawa, amma bakinsa ya buɗe fiye da da. Ya ba ni labarin rigimar iyakar gona da aka kira shi ya raba, ya ba ni labarin wata akuyarsa da ta koyi buɗe ƙofar rumbu. Matarsa ta dama mana fura, ta karɓi yarinyar ta yi ta yi mata wasa. Muka yi ta hira har la'asar ta yi sanyi ban ankara ba.

Ya ce sai ya raka ni bakin titi. Na ce ya zauna, ya ƙi. Motoci biyu suka tsaya ya ce su wuce, ɗaya ta cika da yawa, ɗaya kuma bai yarda da tayarta ba. Ta ukun ya leƙa ya dubi direban da kyau, ya sa wani saurayi ya tashi daga kujerar gaba ya koma baya, ya ce wa direban, "'Yata ce, da goyo. Ka tafi a hankali, ka sauke ta a Kura daidai inda ake samun motar Bunkure, ba a tsallake ba." Direban ya ce an gama, Baba. Na shiga na gyara wa yarinyar kwanciya a cinyata. Da motar ta tashi na waiga, yana tsaye a gefen titi yana yi wa wani mai kwandunan tumatir faɗan ya janye su daga kan kwalta.